Yini Guda a Grantham, Garin da Aka Haifi Margaret Thatcher

Jirgin ƙasan da ke zuwa Grantham daga tashar King's Cross yake tashi a Landan. Tafiyar mil 105 ce, sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Abu biyu ke ɓata wa baƙo wannan tafiya. Na farko, ba kowane jirgin da ya nufi arewa ne ke tsayawa a Grantham ba. Da yawa daga cikin masu zuwa Edinburgh wucewa suke yi fuu, don haka sai ka karanta jerin tashoshin da ke kan allo kafin ka shiga. Na biyu tikiti: mai rahusar nan da ake saya tun da sauran kwanaki na jirgi ɗaya ne tak, a lokaci ɗaya, in ya tafi ya bar ka kuɗinka sun bi ruwa. Ranar Lahadi kuma ita ce ranar da aka fi gyaran layin dogo, wani lokaci a sauke fasinja a sa su a bas, tafiyar sa'a ɗaya ta koma ta biyu da rabi. Ni ranar aiki na bi, da jirgin safe, domin in lokacin hunturu ne ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara rufe garin.

Ana saura kaɗan a isa, jirgin zai bi wani miƙaƙƙen wuri da ake kira Stoke Bank. A nan ne a 1938 wani jirgi mai amfani da tururi, Mallard, ya yi gudun mil 126 a sa'a, kuma har yau ba a sami irinsa da ya wuce shi ba. Daga nan idonka zai hango tsinin cocin St Wulfram, mai tsawon kusan mita 86. Shi ne alamar ka iso.

Daga tasha zuwa tsakiyar gari tafiyar minti goma ce a ƙafa. Abin da za ka fara tararwa shi ne dandalin St Peter's Hill, inda mutum-mutumin Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya, yake. Shawarata ita ce ka wuce shi tukuna. Ka miƙe titin High Street, ka gangara Watergate, har ka kai kwanar da North Parade ta haɗu da Broad Street. Wata minti goma zuwa sha biyar ce. Wanda ya fara da mutum-mutumin daga ƙarshen labari ya fara, kuma ba zai gane dalilin da ya sa aka ɗora shi can sama ba.

A kwanar nan akwai wani gini na jan bulo mai hawa uku, ba shi da wani kyan gani. Shi ne kantin Alfred Roberts, kuma a saman kantin aka haifi 'yarsa ta biyu, Margaret Hilda, ranar 13 ga Oktoba 1925. Alamar da aka manna ƙarama ce, tana can sama a jikin bango, in ba ka ɗaga kai ba za ka wuce ta. Ginin ba gidan tarihi ba ne, wata sana'a ake yi a ciki yanzu, saboda haka kada ka sa ran shiga ka ga ɗakin da ta kwana. In hoto kake so, tsallaka titi wajen cocin Katolika da ke fuskantarsa, daga can ginin ke fitowa gaba ɗaya. A zamanin ƙuruciyarta babbar hanyar da ta haɗa Landan da arewacin ƙasar ta ƙofar kantin nan take wucewa, kafin a yi mata hanyar kewaye a farkon shekarun 1960.

Alfred Roberts ɗan masu ɗinkin takalma ne daga Northamptonshire. Raunin ido ya hana shi gadon sana'ar gidansu, ya bar makaranta da wuri, ya zama yaron kanti, ya yi ta tari har ya sayi nasa a 1919. Kayan masarufi yake sayarwa: shayi, sukari, man shanu, cuku, da ake kawowa a buhu ko a akwati, a auna a ƙulla wa mai saye. 'Ya'yan biyu, Muriel da Margaret, suna taya awo. Akwai ɗan teburin gidan waya a cikin kantin. Gidan da ke sama ba famfon ruwan zafi, ban-ɗaki kuma a tsakar gida yake, alhali maigidan ba matalauci ba ne, har kanti na biyu ya buɗe a titin Huntingtower. Riƙo ne kawai irin na mutumin da ba ya yarda a kashe sisin da ba dole ba.

Na daɗe tsaye a wajen, domin a ganina duk siyasar matar nan daga littafin lissafin kantin nan ta fito: kada ka kashe abin da ba ka samu ba, kada ka ci bashi don daɗin baki, kowa ya biya abin da ya ɗauka. Da ta hau mulki a watan Mayu na 1979, da rinjayen kujeru 43, abin da ta aiwatar ke nan. Kasafin kuɗinta na farko ya rage harajin albashi mafi girma daga kashi 83 zuwa 60, na talakan ma'aikaci daga 33 zuwa 30, ya ɗaga harajin sayen kaya zuwa kashi 15. Kuɗin ruwa ya kai kashi 17 kafin ƙarshen shekarar, don a shaƙe hauhawar farashi. Farashin sai da ya fara haurawa zuwa kusan kashi 22 a 1980 kafin ya sauko ƙasa da kashi 5 a 1983. Maganin ya ci, amma ga inda lissafin kanti ya gaza: in mai kanti ya tsuke aljihu, maƙwabtansa suna nan suna ciniki, in gwamnati ta tsuke, ta kuma tsadar da bashi, darajar fam ta tashi, masana'antar da ke sayar da kaya waje ba ta da inda za ta sa kanta. Masana'antu suka yi ta rufewa a arewacin Ingila da Scotland da Wales. Zuwa 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan uku.

Daga kanti ka koma cikin gari, ka nemi titin Finkin Street. Cocin Methodist da ke nan, mai fuskar dutse da hasumiya biyu gajeru, shi ne gida na biyu na iyalan Roberts. Maigidan mai wa'azi ne na sa-kai, ba fasto ba, yana zagaya ƙauyukan kewaye yana huɗuba. Ranar Lahadi yaran sukan je fiye da sau ɗaya, ba wasa, ba rawa. A ciki akwai teburin karatu da aka sa don tunawa da shi. Ba kullum ƙofar ke buɗe ba sai lokacin ibada ko wani taro. Wanda ya taɓa sauraron jawabanta zai gane muryar mai wa'azi a ciki: abu ko dai daidai ne ko kuskure, kuma sasantawa a wajenta alamar rauni ce.

Alfred Roberts ya yi kansila shekaru masu yawa, a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya yi magajin gari daga 1945 zuwa 1946. A 1952 jam'iyyar Leba ta karɓe majalisar garin, ta sauke shi daga kujerarsa ta dattijon majalisa. Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, tana firaminista, ta ba da labarin a wata hira ta talabijin sai ga hawaye. Mutanen da ke cewa ba ta da zuciya ba su kalli wannan hirar ba, ko da yake za a iya cewa daga nan ne ma ƙiyayyarta da Leba ta yi jijiya.

Makarantarta ta sakandare, Kesteven and Grantham Girls' School, tana titin Sandon, ƙetaren kogin Witham, wanda a nan bai fi rafi ba. Makaranta ce da ke aiki har yau, don haka daga bakin titi za ka tsaya, kuma ba a ɗaukar hoton yara. Da gurbin tallafin karatu ta shiga, ta zama shugabar ɗalibai. Jami'ar Oxford a lokacin tana buƙatar Latin, makarantar kuwa ba ta koya mata ba, sai da ta haddace shi cikin 'yan watanni. Ta shiga kwalejin Somerville a 1943, bayan wata ɗalibar ta janye, ta karanta ilimin sinadarai a ƙarƙashin Dorothy Hodgkin, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel. Ta gama a 1947. Daga wannan lokaci ta bar Grantham ke nan, zuwanta sai jefi-jefi.

Abin da ya biyo baya ba a garin nan ya faru ba. Ta yi aikin ɗakin gwaji a wani kamfanin roba a Essex, sannan a kamfanin abinci na J. Lyons a Landan. Ta tsaya takarar majalisa a Dartford a 1950 da 1951, ta faɗi duka biyun, domin mazaɓar ta Leba ce gaba da baya. A ƙarshen 1951 ta auri Denis Thatcher, mai kamfanin fenti, ta haifi tagwaye, Mark da Carol, a 1953, ta kuma zama lauya mai ƙwarewa a harkar haraji. Masu ba da labarin 'yar mai kanti da ta tashi da gumin kanta sukan tsallake wannan gaɓar: kuɗin Denis ne suka biya karatun lauyan da mai reno. A 1959 ta ci kujerar Finchley a arewacin Landan, ta riƙe ta har 1992. Ta yi ministar ilimi daga 1970 zuwa 1974, inda ta soke madarar kyauta ga 'yan firamare masu shekara bakwai zuwa sha ɗaya, jaridu suka laƙaba mata ɓarauniyar madara. A watan Fabrairu na 1975 ta ƙalubalanci tsohon firaminista Edward Heath a shugabancin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau: ita ƙuri'a 130, shi 119 a zagayen farko. Manyan jam'iyyar sun tsaya kunyar maigida, ita ta shige gabansu.

Yanzu sai ka dawo St Peter's Hill. Dandali ne mai ciyawa a gaban zauren gari, kuma mai gidan na asali a nan Isaac Newton ne, masanin kimiyyar nan, wanda ya yi karatu a King's School ta garin. Mutum-mutuminsa ya fi shekara 160 a wajen. Na Thatcher na tagulla ne, aikin Douglas Jennings, ya nuna ta cikin alkyabbar majalisar dattawa, hannuwa haɗe a gaba. Da farko a kusa da majalisa a Landan aka so kafa shi, hukumar Westminster ta ƙi a 2018, cikin dalilanta har da tsoron masu ɓarna. Grantham ta karɓa, aka ɗora shi kan dutse mai tsawon kusan mita uku don hannu kada ya kai, aka sa kyamarar tsaro. An kafa shi ranar 15 ga Mayu 2022, kuma kafin rana ta faɗi wani ya jefe shi da ƙwai. Daga baya an watsa masa fenti. Saboda tsawon dutsen, in ka tsaya kusa haɓarta kawai za ka gani. Ja da baya wajen taku ashirin.

Gidan tarihin garin yana gefen dandalin. Masu aikin sa-kai ne ke gudanar da shi, ba ya buɗewa kullum, don haka ka duba ranakunsa kafin ka sayi tikitin jirgi. Sashen da aka ware mata ɗan ƙarami ne, rabin sa'a ta ishe ka.

Mai son ya gane ƙwan nan sai ya tuna cewa Nottinghamshire maƙwabciyar Grantham ce, Yorkshire kuma tana gaba kaɗan a kan layin jirgin nan, kuma nan ne ƙasar haƙar kwal. Ma'aikatan kwal ne suka kayar da gwamnatin Heath a 1974, bayan sun tilasta wa masana'antu aikin kwana uku a mako saboda ƙarancin wuta. Thatcher ta riƙe wannan. A 1981 da suka yi barazana ta ja da baya, don ba ta shirya ba. Sai ta shirya: aka tara tulin kwal a tashoshin wutar lantarki, aka tanadi tashoshin da za su iya ƙona mai, aka yi dokokin da suka taƙaita yajin aikin taya-ni-faɗa, aka tsara yadda za a riƙa kwaso 'yan sanda daga wannan yanki zuwa wancan. A watan Maris na 1984 hukumar kwal ta ce za ta rufe ramuka 20, aikin mutum 20,000. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan kwal, Arthur Scargill, ya yi kuskure biyu. Ya shiga yajin aiki ana fita daga sanyi, lokacin da buƙatar kwal ke raguwa. Ya kuma ƙi kiran ƙuri'ar 'ya'yan ƙungiya na ƙasa baki ɗaya, abin da ya ba yawancin ma'aikatan Nottinghamshire hujjar ci gaba da aiki, kotu kuma ta sami ƙofar riƙe dukiyar ƙungiyar. An yi ƙazamin artabu da 'yan sanda a Orgreave ranar 18 ga Yuni 1984. A watan Maris na 1985, bayan shekara guda ba albashi, ma'aikatan suka koma aiki hannu rabbana. Garuruwan da ramin kwal ne kaɗai abincinsu ba a kawo musu wani abu a madadinsa ba, kuma jikokinsu ba su manta ba.

Masu ajiye furanni a gindin dutsen su ma suna da nasu lissafin. Dokar gidaje ta 1980 ta ba wanda ya shekara uku a gidan haya na ƙaramar hukuma damar sayensa da rangwamen kashi 33, ya ƙaru har zuwa 50 gwargwadon daɗewarsa. Fiye da iyali miliyan ɗaya suka mallaki gida ta wannan hanya. Aibin shi ne an hana ƙananan hukumomi kashe yawancin kuɗin wajen gina sababbi, don haka gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta raguwa. An sayar da kamfanin tarho a 1984, na iskar gas a 1986, na jiragen sama a 1987, talakawa suka sayi hannun jari, da yawa kuma suka sayar da shi da zarar ya yi riba. Ga yaƙin tsibiran Falkland, waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya: Ajantina ta mamaye ranar 2 ga Afrilu 1982, ta miƙa wuya ranar 14 ga Yuni, sojan Birtaniya 255 suka mutu, na Ajantina 649. Shi ya ɗaga ta daga firaministar da aka fi ƙi zuwa mai rinjayen kujeru 144 a 1983. A Oktoba 1984 bam ɗin 'yan IRA, masu yaƙin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ya tashi a otal ɗin Grand da ke Brighton, inda ta sauka don taron jam'iyyarta, ya kashe mutum biyar, ita kuma da gari ya waye ta ci gaba da taron a kan lokaci.

Mu ma mun ɗanɗana zamaninta. Tana wata uku a ofis, a ƙarshen Yuli 1979, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a Najeriya, ana gab da taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Lusaka, saboda batun Rhodesia (Zimbabwe ta yanzu) da Afirka ta Kudu. A Yuli 1984, zamanin Buhari na soja, aka tsinci Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, dangantaka ta yi tsami har aka janye jakadu. A Janairu 1988, zamanin Babangida, ta zo Legas ta zo Kano, inda Sarki Ado Bayero ya yi mata hawan daba, ko da yake ƙin da ta yi na ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata cikakken takunkumi ya sa ba kowa ne ya yi marhabin da ita ba.

Abin da ya kayar da ita kuwa Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kansa: harajin kai ne. A da kuɗin ƙaramar hukuma kan gida ake sa shi, gwargwadon darajarsa. Ita ta ga rashin adalci ne gwauruwa mai zaman kaɗaici ta biya daidai da gidan da ke da ma'aikata huɗu, sai ta mayar da shi kan kowane baligi, kuɗi ɗaya, attajiri da mai shara, sai ɗalibai da marasa ƙarfi da ke biyan kashi ɗaya cikin biyar. Kowa ya biya abin da ya ɗauka, kamar a kanti. An fara a Scotland a 1989, Ingila da Wales a Afrilu 1990. Gida ba ya gudu, mutum kuwa yana ƙaura, don haka rajistar ma ta gagara. Ƙananan hukumomi suka sa kuɗi sama da hasashen gwamnati, matsakaicinsa kusan fam 360 a kan kowane mutum. Miliyoyi suka ƙi biya. Ranar 31 ga Maris 1990 aka yi tarzoma a dandalin Trafalgar. Shekara goma kafin haka Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, sun san abin da irin wannan kuɗi ke haifarwa a zuciyar talaka.

'Yan majalisarta suka fara lissafin kujerunsu. Ga kuma rigimar cikin jam'iyya kan dangantakar Birtaniya da ƙungiyar ƙasashen Turai. Geoffrey Howe, wanda ya yi mata ministan kuɗi da na harkokin waje, ya ajiye aiki ranar 1 ga Nuwamba 1990, ranar 13 ya tashi a majalisa ya yi mata tas cikin sanyin murya. Michael Heseltine ya fito takara. Dokar jam'iyyar ta ce sai mutum ya sami fiye da rabin ƙuri'u, ya kuma ba na biye da shi tazarar kashi 15 na dukan 'yan majalisar jam'iyya. Su 372 ne, tazarar da ake nema 56. Ranar 20 ga Nuwamba ta sami 204, Heseltine 152: tazara 52, saura huɗu. Da mutum biyu sun sauya ra'ayi da ta tsira, amma ita tana Paris wajen taron ƙoli, masu yi mata kamfen kuma sun yi sakaci, ba su bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ba. Da ta dawo ta kira ministocinta ɗai-ɗai, kusan kowa ya ce yana tare da ita amma ba za ta ci ba. Ranar 22 ta janye, ranar 28 ta fita daga Downing Street, gidan firaminista, bayan shekara goma sha ɗaya da rabi da cin zaɓe uku. John Major ya gaje ta, ya soke harajin.

Kafin ka koma tasha, ka nemi biskit ɗin citta na Grantham, fari ne mai ƙwari, cikinsa kamar rami. Shi ne tsarabar garin. Na kama jirgin yamma na koma Landan, washegari na ƙarasa sauran wurare biyu. Downing Street daga bakin ƙofar ƙarfe kawai ake leƙensa, kuma a zamaninta aka kafa ƙofar, a 1989, saboda barazanar IRA. Na biyu shi ne Royal Hospital Chelsea, gidan tsofaffin sojoji masu jar riga, tafiyar minti goma a ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sloane Square. Ta rasu ranar 8 ga Afrilu 2013 a otal ɗin Ritz, tana da shekara 87, aka yi mata jana'iza a cocin St Paul's ranar 17, Sarauniya Elizabeth ta halarta. Da aka ba ta sarautar majalisar dattawa a 1992 sunan yankin Kesteven ta ɗauka, inda Grantham take, amma ba can aka mai da ita ba. An binne tokarta a harabar gidan sojojin, kusa da ta Denis, wanda ya riga ta a 2003. Wurin gidan mutane ne, ba ko'ina baƙo ke shiga ba, sai ka tambayi masu gadi a ƙofa. Dutsen shimfiɗe yake a ƙasa, an rubuta sunanta da 1925 da 2013.